Yadda gaɓoɓin haihuwa na mace da namiji suke aiki, da inda ake samun cikas idan ciki ya yi jinkiri

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27, wata 16 ke nan da aurena ban taɓa ko ɓatan wata ba. Al'adata tana zuwa duk bayan kwana 33 ko 34, kuma ina bin lissafin kwana na 14 da aka ce ita ce ranar ɗaukar ciki. Bayan mun sadu sai in ga maniyyin yana fitowa, har aka ce min mahaifata ce ba ta riƙewa. Maigidana ya ce shi lafiyarsa lau tunda ba shi da matsala wajen kwanciya. Don Allah a yi min bayanin yadda gaɓoɓin nan suke da yadda suke aiki, nawa da nasa, ko na gane inda matsalar take."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo rabo mai albarka. Abin da kike so shi ne ki san hanyar da ake bi kafin ciki ya shiga, tun daga inda ake yin ƙwayar namiji da ta mace har zuwa inda suke haɗuwa, don ki auna maganganun da aka faɗa miki. Bari in fara rage miki damuwa. Lissafin kwana na 14 bai dace da jikinki ba. Fitowar ruwa bayan saduwa ba cuta ba ce. Ƙarfin kwanciya kuma daban, lafiyar ƙwayoyin maniyyi daban. Sai dai dalilin jinkirinku ba a gane shi ta hanyar rubutu, dole sai an duba ku, ke da shi. Abin da zan yi shi ne in shimfiɗa miki yadda aikin yake, yadda idan kun je asibiti za ki san abin da kowane gwaji yake nema. Da namiji zan fara, domin shi aka fi tsallakewa.

Inda ake yin maniyyi da hanyar da yake bi

'Ya'yan maraina biyu su ne tushen komai. A jikin babban mutum kowanne yana kai santimita 4 zuwa 5 a tsawo, kuma sau da yawa na hagu ya ɗan fi saukowa, wanda ba aibi ba ne. Aiki biyu suke yi: samar da ƙwayoyin maniyyi, da samar da sinadarin testostaron, wanda ke kawo gemu, kaurin murya, ƙarfin tsoka da sha'awa. Cikin ɗan maraina maƙare yake da siraran bututu a nannaɗe, kuma a jikin bangon bututun nan ne ƙwayoyin maniyyi suke girma. Su kuwa ƙwayoyin halittar da ke yin testostaron, a wajen bututun suke, a tsakankaninsu. Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan amsar maigida take: bututun na iya lalacewa sarai, alhali masu yin testostaron suna nan garau. Sai ki ga mutum da cikakken gemu, sha'awarsa da ƙarfinsa ba abin da ya taɓa su, amma ƙwayoyin da ke cikin maniyyinsa kaɗan ne, ko ma babu ko ɗaya. Kimanin kashi 1 cikin 100 na maza ba su da ƙwaya ko guda a maniyyinsu, kuma mafi yawansu ba sa sani sai ranar da aka gwada.

Maraina suna wajen jiki ne saboda aikinsu ba ya son zafi. Zafin cikin jiki digiri 37 ne, su kuwa sun fi son ƙasa da haka da digiri 2 zuwa 3. Shi ya sa jakar take takurewa idan ana sanyi, ta saki idan ana zafi. Shi ya sa kuma yaron da aka haifa ɗan marainansa bai sauko cikin jaka ba ake son a yi masa aiki tun bai wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, don zamansa a cikin ciki yana kashe masa aiki a hankali.

Ƙwayar maniyyi ɗaya tana ɗaukar wajen kwana 70 kafin ta gama haɗuwa. Daga nan sai ta wuce wani bututu da ke manne a bayan ɗan maraina, ana ce masa efididimis. A ido ɗan ƙarami ne, amma da za a warware shi zai kai mita 6. A cikinsa ƙwayar take ƙarasa nuna, ta samu ikon yin iyo, a cikin kimanin mako biyu. Idan aka haɗa lissafi, maniyyin da ya fito yau aikin kusan wata uku ne da suka wuce. Wannan yana da amfani a aikace: zazzaɓi mai zafi da mutum ya yi wata biyu baya na iya ɓata sakamakon gwajinsa na yau, haka kuma duk maganin da aka ba shi ko ɗabi'ar da ya bari, sai an jira wata uku kafin a ga tasirinta.

Daga efididimis, wani bututu mai kaurin bango ne yake ɗaukar ƙwayoyin, ya hau ta matsematsi, ya shiga ƙasan mara, ya zagaya bayan mafitsara. A nan yake haɗuwa da wasu jakunkuna biyu da ke zuba ruwa mai sukari, wanda shi ne abincin ƙwayoyin, kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na maniyyin da ake gani. Sai hanyar ta ratsa furostet, wata 'yar gaɓa da ke zaune daidai ƙarƙashin mafitsara, ita ma ta ƙara nata ruwan, wajen rubu'in duka. Ƙwayoyin kansu ba su kai kashi 5 cikin 100 na abin da ke fita ba. Saboda haka kauri, ko fari, ko yawan maniyyi ba ya nuna komai game da haihuwa. Hatta mutumin da aka ɗaure wa bututu don tsayar da haihuwa, maniyyinsa a ido bai bambanta da na kowa ba.

Fitsari da maniyyi hanya ɗaya suke bi ta cikin azzakari, amma ba sa haɗuwa, domin a lokacin fitar maniyyi bakin mafitsara yana rufewa gam. Idan wannan rufewar ta samu rauni, kamar yadda ake gani a wasu masu ciwon sukari da ya daɗe ko waɗanda aka yi wa aikin furostet, sai maniyyin ya koma cikin mafitsara, mutum ya ji ya kawo amma abin da ya fito kaɗan ne, fitsarin da ya biyo baya kuma ya yi gurɓi-gurɓi. Maziyyi, ruwan nan mai yauƙi da ke riga maniyyi fita, daga wasu ƙananan ƙulluka biyu yake zuwa a ƙasan furostet, aikinsa share ragowar tsamin fitsari daga hanya. Miƙewar gaba kuwa aikin jini ne da jijiya: wasu sassa biyu masu kama da soso a cikin azzakari suke cika da jini, jijiyoyin da ke mayar da jinin su matse. Ko kaɗan bai shafi adadin ƙwayoyin maniyyi ba.

Duk wannan aiki daga ƙwaƙwalwa ake ba da umarninsa. Wata 'yar ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna fitutari tana sakin sinadarai biyu, FSH da LH. Na farkon yana tura bututun maraina su yi ƙwayoyi, na biyun yana sa a yi testostaron. Idan testostaron ya yi yawa a jini, sai ƙwaƙwalwa ta rage umarnin. A nan ne maza da yawa suke cutar da kansu ba su sani ba: wanda yake yin allurar testostaron ko shan magungunan gina tsoka, ƙwaƙwalwarsa tana ganin sinadarin ya wadata, sai ta daina aika saƙo, maraina su tsayar da aiki. Mutum ya je neman ƙarin ƙarfi, ya dawo maniyyinsa babu ƙwaya, kuma farfaɗowar kan ɗauki watanni da dama bayan an daina.

Sauran abubuwan da muke yawan tararwa su ne kumburin jijiyoyin jini a jakar maraina, galibi a hagu, wanda kimanin kashi 15 cikin 100 na maza suke da shi kuma yana ɗumama wajen. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga har ya sauka a maraina. Ciwon sanyi ko kilamidiya (ita ma cuta ce da ake ɗauka ta saduwa) da ba a yi maganinsu da kyau ba har suka toshe bututu. Sai sigari, giya da ƙiba mai yawa.

Jikin mace, daga waje zuwa ciki

A waje akwai leɓɓa manya da ƙanana, da ɗan-tsaka a sama, wanda shi ne cibiyar jin daɗi, kuma abin da ake gani a fili ɗan kansa ne kawai, sauransa yana ciki. Ƙofofi uku ne a jere: ta fitsari a gaba, ta farji a tsakiya, dubura a baya. Mata da yawa suna girma ba su san hanyar fitsari daban take da ta al'ada ba.

Farji hanya ce ta tsoka mai tsawon santimita 7 zuwa 10, mai iya buɗewa har kan jariri ya wuce. Cikinsa da ɗan tsami, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke samarwa don hana masu cutarwa zama. Ina roƙon ki kada ki riƙa wanke cikinsa da sabulu, ko ki cusa wani abu da sunan tsafta ko gyara. Hakan yana kashe masu gadin ne, ya buɗe wa cuta ƙofa. Wanke waje da ruwa ya wadatar.

A ƙarshen farji bakin mahaifa yake, tsawonsa kamar santimita 3, da 'yar ƙaramar ƙofa a tsakiyarsa. Ita wannan ƙofar ce take buɗewa har santimita 10 a lokacin naƙuda. Mahaifa kanta, idan babu ciki, ba ta wuce santimita 7 zuwa 8 a tsawo ba, nauyinta bai kai giram 100 ba, amma a ƙarshen ciki tana kai wajen kilo ɗaya. Mafi yawanta tsoka ce, sai shimfiɗa mai laushi a ciki, wadda take kauri kowane wata sannan ta zube idan ba a samu ciki ba. Zubewar nan ita ce al'ada. A yawancin mata mahaifa gaba take kwantawa kan mafitsara, amma kusan mace ɗaya cikin biyar tata baya take karkata. Idan aka yi miki hoto aka ce taki ta juya baya, kada ki tsorata, wannan kaɗai ba ya hana ciki.

Daga kusurwoyin mahaifa biyu na sama bututu biyu suke fita, dama da hagu, kowanne santimita 10 zuwa 12. Ana kiransu bututun Falofiyo, da sunan masanin Italiya na ƙarni na 16 da ya yi bayaninsu. Bakin kowanne a buɗe yake, da wasu 'yan yatsu masu laushi da ke shafar ma'ajiyar ƙwai, wato obari. Bututun ba a ɗinke yake da obari ba. Idan ƙwai ya fito, 'yan yatsun nan ne suke sharo shi zuwa ciki. Bangon bututun kuma a lulluɓe yake da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa suna tura ƙwan zuwa mahaifa. Wuri ne mai taushin gaske, kuma cuta tana iya ɓata shi a ɓoye.

Obari biyu ne, kowanne kamar santimita 3 zuwa 4. Bambancinsu da maraina babba ne. Namiji yana yin sababbin ƙwayoyi kullum tun daga balaga har tsufa, ita kuwa mace da nata ake haihuwarta, ba a ƙara mata. Jaririya tana zuwa duniya da ƙwai miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga saura wajen 300,000 zuwa 400,000, kuma waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran narkewa suke yi a hankali, har al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. Ba adadi kaɗai ke raguwa ba, har da inganci, musamman bayan shekara 35. A shekara 27, ta wannan fuskar kina da sarari.

Zagayowar wata, da kuskuren kwana na 14

Ranar farko da kika ga jini sosai ita ce kwana na 1. Daga ranar zuwa ranar da jini na gaba zai fara shi ne tsawon zagayenki, kuma duk abin da ke tsakanin kwana 21 da 35 ana ɗaukarsa lafiya. Naki na 33 zuwa 34 yana ciki, zuwansa a kan kari kuma alama ce mai kyau cewa kina fitar da ƙwai.

Sinadaran nan biyu da na ambata a jikin namiji, FSH da LH, su ne dai a jikin mace. A farkon zagaye FSH yana tayar da wasu 'yan jakunkunan ruwa a cikin obari, kowacce da ƙwai ɗaya a ciki. Da yawa suke farawa tare, amma ɗaya ce take wuce sauran, ta girma har milimita 18 zuwa 24. Tana girma tana fitar da wani sinadari mai suna istirojin, shi kuma yana yin abu biyu: yana kaurara shimfiɗar mahaifa, yana kuma sauya ruwan bakin mahaifa daga mai kauri da danƙo zuwa garai-garai mai santsi, mai jawuwa tsakanin yatsu kamar farin ɗanyen ƙwai. Idan istirojin ya kai ƙololuwa, sai fitutari ta saki LH da yawa a lokaci guda, bayan awa 24 zuwa 36 jakar ta fashe, ƙwai ya fito.

Fatar jakar da ta fashe ba ta tafi a banza. Tana rikiɗa ta koma wani ƙullu mai launin rawaya da ke fitar da furojestaron, sinadarin da ke gyara shimfiɗar mahaifa ta zauna da shirin karɓar ciki. Shi ne kuma yake mayar da ruwan bakin mahaifa mai kauri, ya ɗaga zafin jiki da digiri 0.3 zuwa 0.5, ya sa nono nauyi. Ƙullun nan kwanakinsa ƙidayayyu ne, kimanin 14. Idan ba a samu ciki ba sai ya mutu, furojestaron ya faɗi, shimfiɗa ta zube.

To ga inda lissafin da aka ba ki ya kuskure. Rabin zagaye na biyu, daga fitar ƙwai zuwa al'ada, shi ne wanda kusan bai canzawa, wajen kwana 14 a yawancin mata. Rabi na farko shi ne mai tsawo ko gajarta. Don haka daga baya ake ƙirgowa. Mai kwana 28, idan aka cire 14, ƙwanta a kwana na 14 yake fita, daga nan maganar ta samo asali. Ke mai 33 zuwa 34, naki wajen kwana na 19 ko 20 yake fita.

Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan ya fito. Ƙwayoyin maniyyi kuwa, idan sun samu ruwan nan mai santsi, suna iya kai kwana 5. Kwanakin ɗaukar ciki ke nan guda shida: biyar kafin fitar ƙwai da ranar da ya fita, kuma mafi ƙarfinsu su ne biyun da ke gab da fitarsa da ita ranar. A wajenki wannan ya kama daga kwana na 14 ko 15 zuwa na 20, mafi kyau 17 zuwa 20. Idan kuna dagewa a kwana na 12 zuwa 14 sannan ku sassauta, kuna tashi ne daidai lokacin da ƙofa ta fara buɗewa. Ban ce wannan ne dalilin jinkirinku ba, amma gyaransa ba ya cin komai. Shawarar da na fi so ita ce ku bar dogaro da rana ɗaya: a riƙa saduwa duk bayan kwana biyu ko uku tun daga ɗaukewar jini, ko aƙalla yau a yi gobe a huta daga kwana na 14 zuwa na 21. Ki lura da ruwan nan mai santsi, ya fi manhajar waya gaskiya, domin ita manhaja ƙiyasi take yi. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari mai gano tashin LH. Ke ki fara amfani da shi daga kwana na 15 ko 16. Tara maniyyi na mako biyu don ya yi ƙarfi kuskure ne, tsofaffin ƙwayoyi motsinsu raguwa yake.

Abin da ke faruwa bayan saduwa

Maniyyi yana fita da kauri, sai ya tsinke ya zama ruwa cikin minti 15 zuwa 30. Kafin nan, ƙwayoyin da ke da kuzari sun riga sun kutsa cikin ruwan bakin mahaifa, a cikin 'yan mintuna. Abin da kike gani yana fitowa ruwan rakiya ne wanda ya gama aikinsa, tare da raunanan ƙwayoyi. Ba a halicci mahaifa don ta shanye shi ba, kuma kowace mace tana ganin haka, har masu haihuwa duk shekara. Maganar "mahaifa ba ta riƙewa" ba ta da tushe a nan. Ɗaga ƙafafu sama ko kwanciya na awa guda ba a tabbatar yana ƙara komai ba. Wani ruɗani kuma da ake yawan yi: ruwan da mace take fitarwa lokacin sha'awa ko biyan buƙata ba shi ne ƙwanta ba. Ƙwai sau ɗaya yake fita a wata, a lokacinsa, ko an sadu ko ba a sadu ba.

Daga cikin miliyoyin da aka zuba, 'yan ɗaruruwa ne suke isa inda ƙwai yake, a faffaɗan ɓangaren bututu na kusa da obari. A can ake haɗuwa, ba a cikin mahaifa ba. Ƙwan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, duk da haka ya ninka ƙwayar maniyyi girma nesa ba kusa ba. Da zarar guda ɗaya ta shiga, ɓawonsa yana sauyawa ya hana saura. Kowane ɓangare yana kawo kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, guda 23, su zama 46. Ƙwan mace kullum kuromosom X yake ɗauke da shi, ƙwayar namiji ce take zuwa da X (a samu mace) ko Y (a samu namiji), saboda haka samun ɗa namiji ko 'ya mace daga ɓangaren uba yake.

Daga nan ƙwan yana rarrabuwa yana gangarawa, ya isa mahaifa cikin kwana 3 zuwa 4, ya dasu a shimfiɗarta tsakanin kwana 6 zuwa 10 bayan fitarsa. Sai ya fara sakin sinadarin hCG, wanda ke hana ƙullun rawayan nan mutuwa, al'ada ta tsaya. Shi tsinken gwajin ciki yake ganowa, shi ya sa gwaji kafin ranar da ake tsammanin al'ada yake yawan ruɗar mutane. Ko da komai lafiya lau, damar ɗaukar ciki a wata guda ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. Fiye da kashi 80 na ma'aurata suna samu cikin shekarar farko, fiye da kashi 90 cikin shekara biyu.

Inda ake samun cikas, da gwajin da ya kamata ku yi

Ƙa'idar asibiti ita ce a fara bincike bayan wata 12 ana saduwa ba tare da tsarin iyali ba, ko wata 6 idan matar ta kai 35. Ku kun kai 16, lokaci ya yi. Ba ku kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar wannan a wani lokaci na rayuwarsa. Kuma a kusan rabin ma'auratan da ake bincika, akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar.

Da gwajin maniyyi ya kamata a fara, domin ya fi kowanne sauƙi, babu allura, babu ciwo. Zai ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, a tara maniyyin gaba ɗaya a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba, a kai shi cikin awa ɗaya ba tare da ya yi sanyi ko zafi ba. Idan wani abu ya zube, musamman na farkon fita inda ƙwayoyi suka fi yawa, a faɗa wa mai gwajin. Mizanin da hukumar ta fitar a 2021 ya sa mafi ƙarancin abin da ake so a gani: ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 a duka, kashi 42 cikin 100 masu motsi, kashi 30 masu tafiya gaba, da kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Waɗannan lambobi ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa, akwai masu ƙasa da su da suke haihuwa. Sakamako ɗaya marar kyau kuma ba a yanke hukunci da shi, sai an maimaita, yawanci bayan wata uku. Idan za ki yi wa maigida maganar, ki nuna masa ba ƙarfinsa ake tuhuma ba, ƙirga ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Sau da yawa maza sun fi karɓar wannan daga bakin likita, don haka ku je tare tun zuwan farko.

A ɓangarenki abu uku ake tambaya: ƙwai yana fita? Bututu a buɗe suke? Mahaifa lafiya? Na farko ana tabbatar da shi da gwajin furojestaron a jini, kwana 7 kafin al'ada. An saba kiransa gwajin kwana na 21, amma wannan na mai kwana 28 ne. Ke a kwana na 26 ko 27 za a ɗauki naki. Idan aka ɗauka a na 21 yana iya fitowa ƙasa, a ce ba kya fitar da ƙwai alhali kina fitarwa, a ɗora ki kan maganin da ba kya buƙata. Abubuwan da suka fi hana ƙwai fita su ne PCOS, wato rikicewar sinadarai da ke shafar obari, wanda kan zo da tsallaken al'ada, ƙuraje da gashi a haɓa; yawan sinadarin furolaktin, wanda kan sa ruwan nono ba shayarwa; matsalar tayiroid, ƙullun da ke gaban wuya; da ƙiba ko rama mai tsanani.

Bututu ana duba su da hoton HSG, inda ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko ya zubo ta ƙarshensu. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke kuma kafin fitar ƙwai, yana da ɗan murɗa kamar ciwon mara, kuma ba a yin sa idan akwai alamar cuta a lokacin. Hoton sikanin na yau da kullum ba ya nuna ko bututu a buɗe yake, don haka "an yi min sikanin an ce lafiya" bai rufe wannan babi ba. Abin da ya fi toshe su shi ne cutar da ta hau daga farji, kuma kilamidiya musamman takan yi ɓarnarta ba tare da mace ta ji komai ba. Idan aka samu irin wannan cuta, ku biyun za a yi wa magani lokaci guda, in ba haka ba za ta dawo. Akwai kuma endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta. Kimanin mace ɗaya cikin goma tana da shi, alamarsa ciwon mara mai kayar da mutum lokacin al'ada da zafi can ciki yayin saduwa. A mahaifa kuwa ana duba ƙari, wato faibiroid. Yana da yawa a mata, kuma akasarinsa ba ya hana ciki, sai wanda ya turo cikin ramin mahaifa. Ana kuma duba tabon da kan biyo bayan wankin ciki.

Kada ki sha maganin tayar da ƙwai irin su kulomifin da kanki. Idan kina fitar da ƙwai ba zai ƙara miki abin kirki ba, yana iya sirantar da shimfiɗar mahaifa, kuma ba ya buɗe toshewar bututu ko gyara maniyyi. Wanda ya kamata ki fara tun yau shi ne folik asid, wani nau'in bitamin, maikirogiram 400 kullum, domin ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne a makonni huɗu na farko, kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Kafin ranar ganin likita ki rubuta ranakun fara al'adarki na wata uku zuwa shida da suka wuce, kwana nawa jinin yake yi, da duk maganin da ɗayanku yake sha, har da na ƙarin ƙarfi.

Idan kuma Allah ya sa kika yi ɓatan wata, sannan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko jiri, ko ciwo a saman kafaɗa, ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ciki 1 zuwa 2 cikin 100 yana dasuwa ne a wajen mahaifa, galibi a cikin bututu, kuma idan aka gano shi da wuri ana iya maganinsa tun bututun bai fashe ba.